Alhaji Umaru Salga: Bakanon Da Ya Kai Alƙalami Gwanja, Mu Kuma Muka Manta Da Shi

Malamaina da 'yan uwana marubuta na wannan zaure, barkanmu da sake haɗuwa a filin maƙalar mako. Wannan karon ni aka ɗora wa, kuma ina neman afuwa tun daga farko domin za ta ɗan yi tsawo.

Mu mutanen Gwarzo da Kabo muna da wani abin tinƙaho da ba ma gajiya da faɗa a duk taron marubuta. A cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, ɗaya na ɗan ƙasarmu ne, wato Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo. Sauran huɗun kowa ya haddace su: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar da Jiki Magayi. A 1934 aka fara buga su, kuma daga wannan shekarar yawancinmu muke fara ƙirga tarihin rubutun zube na Hausa. Ni ma haka na taso ina ƙirgawa. Sai daga baya na gane cewa a wannan shekara ta 1934 ɗin, a wani gari da ke bakin kogin Volta a ƙasar da yau ake kira Gana, an binne wani tsoho haifaffen Kano wanda ya riga ya shafe fiye da shekara hamsin yana rubutu da Larabci da Hausa, waƙa da zube. Sunansa Alhaji Umaru ɗan Abubakar. A wasu littattafai za ka ga Umaru Salga, a wasu Liman Umaru na Karaci, Turawa kuma sukan rubuta Imam Imoru.

Kwanaki a wani zamanmu na ƙungiya na tambayi waɗanda ke wurin ko akwai wanda ya taɓa jin sunansa. Mutum ɗaya ne ya ɗaga hannu, shi ma da muka bi diddigi ashe wani Umarun yake nufi. Ban yi wa kowa dariya ba, don ni kaina har na karɓi difilomata ban san an yi shi ba.

An haife shi a Kano wajen 1858. Asalin gidansu Kabi ne, shi ya sa a rubuce-rubucensa na Larabci ake jingina shi ga wurare uku: Bakabe, Bakano, kuma mutumin Salga. Mahaifinsa malami ne kuma falke, yana cikin masu bin hanyar Gwanja sayen goro. A nan sai na ɗan tsaya, domin yau in ka ce Gwanja a gaban matashi, mawaƙi zai fara tunowa. Gwanja ƙasa ce a arewacin Gana ta yanzu, kuma Salga ita ce babbar kasuwarta. Goron da ake shukawa a dazukan Asante can ake kawo shi, fataken Hausa su sauko da turkuɗi da kanwa da kayan fata su yi musaya. Ayari kan tashi daga Kano ya nufi yamma, ya ratsa ƙasar Zamfara ko Kabi ko Yawuri, ya ƙetare Kwara, ya bi ta Bargu, ya faɗa Sansanin Mango da Yandi kafin ya sauka Salga. Tafiya ce ta watanni, da jakuna da 'yan alaro, madugu a gaba. Kuma kada mu ɓoye, ba goro kaɗai ake ciniki a Salga ba, tana cikin manyan kasuwannin bayi na wannan yanki a ƙarni na 19.

A cikin wannan duniyar Umaru ya tashi, ƙafa ɗaya a zauren karatu, ɗaya a zangon fatake. Ya yi karatu a Kano, ya ƙara a ƙasashen Sakkwato da Kabi. A 1877, yana ɗan shekara kamar 19, ya rubuta littafi da Larabci mai suna Sarhatul Wariƙa, kan yadda ake tsara wasiƙa: wadda za a aika wa sarki, wadda za a aika wa malami, da sauransu. Ku duba abin da ya fara da shi. Yaron da ya girma cikin fatake ya san cewa wasiƙa ita ce igiyar da ke riƙe da ciniki da zumunci tsakanin Kano da Gwanja, sai ya rubuta abin da mutanensa ke buƙata. Wannan halin bai rabu da shi ba har ya mutu.

Ya koma Salga da zama a farkon shekarun 1890, sai dai ya iske garin yana kan gangara. Tun 1874, da Ingilishi suka ci Asante suka ƙone Kumasi, hanyar goro ta fara karkata zuwa wasu kasuwanni. A 1892 kuma yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Kpembe, wadda Salga ke ƙarƙashinta. Garin ya watse, fatake da malamai suka bazu. Umaru ya rubuta waƙa da Larabci kan wannan rikici. Bayan 'yan shekaru shi ma ya tattara ya koma Kete-Karaci, inda Jamusawa suka riga suka kafa bariki tun 1894. Nan ya zama limami, nan ya buɗe makaranta, nan kuma ya yi mafi yawan rubutunsa.

To, me ya rubuta da har nake cewa ya kafa wani abu?

Mu fara da waƙoƙin zuwan Turawa, domin su aka fi saninsa da su. Yana da biyu da Larabci, ɗaya ta 1899, ɗaya ta wajen 1900, sannan ta Hausa wadda ake kira Waƙar Nasara, ta 1903, shekarar da Kano ta faɗi a watan Fabrairu, Sakkwato ta bi baya a watan Maris. Abin da ya bambanta shi da sauran waɗanda suka yi waƙa kan wannan musiba shi ne faɗin idonsa. Waƙar da ake jinginawa ga Sarkin Musulmi Attahiru kan zuwan Annasara murya ce ta shugaban da ke cikin wutar, yana kiran jama'arsa zuwa hijira. Umaru kuwa yana zaune ne a mahaɗar hanyoyi, inda kowane ayari ke sauke labari tare da kaya. Saboda haka waƙoƙinsa suka zama kamar taswira: gari bayan gari, sarki bayan sarki, daga ƙasashen Asante da Dagomba da Gurunshi har zuwa Nufe da ƙasar Hausa da Barno, da manyan mayaƙa irin su Samori, wanda Faransawa suka kama a 1898, da Rabe, wanda aka kashe a 1900. Mutum ɗaya, ba rediyo ba jarida, ya fahimci cewa abin da ya sami Kumasi da abin da ya sami Bida da abin da ya sami Damagaram duk abu guda ne. Wannan fahimtar ce 'yan kishin Afirka suka zo suna wa'azinta bayan shekara hamsin.

A ta Hausar, sunan Nasara ne ke ta dawowa a ƙarshen baitoci, har mai sauraro ya ji kamar duk inda ya juya su yake gani. Ga mai koyon waƙa, wannan darasi ne kan yadda amsa-amo ke iya ɗaukar ma'ana da kansa. Mu yanzu sau da yawa mukan zaɓi amsa-amo ne don kalmominsa suna da yawa, a samu sauƙin cike baiti. Shi ya zaɓi wanda yake shi ne jigon.

Sai dai akwai wata magana mai nauyi a nan, kuma ba zan tsallake ta ba. Masu nazari sun lura cewa zafin da ke cikin waƙoƙin Larabcin ya ragu a ta Hausar. A na farko yana kallon Turawa a matsayin mayaudaran da suka shigo da sunan ciniki suka ƙare da ƙwace ƙasa. A ta 1903 muryar ta koma ta wanda ya ga abin ya riga ya faru, yana jinjina ƙarfinsu, yana tsoronsu, a wasu wuraren har kamar yana yaba tsarin da suka kawo. Ga shi kuma ya yi hulɗa ta kusa da Jamusawa. Tun a Salga ya san Gottlob Krause, Bajamushen da Hausawa ke kira Malam Musa. A Karaci ya yi shekaru yana aiki da Adam Mischlich, jami'in mulkin Jamus na yankin. Limancinsa ma sai da aka yi jayayya a kai, kuma da hannun hukumar Jamus a tabbatar masa da shi. Wani zai ce, to ai ɗan koren Turawa ne.

Ni ban ɗauke shi haka ba, amma ban kuma wanke shi tas ba. Abin da nake gani shi ne malami baƙo, a garin baƙi, ba shi da runduna ba shi da ganuwa, yana da ɗalibai da iyali da jama'ar zango a wuyansa. Attahiru ya zaɓi hijira ya yi shahada a Burmi a watan Yulin 1903, Allah ya jiƙansa. Umaru ya zaɓi ya zauna ya rubuta. Zaman nan yana da farashi, kuma ana jin farashin a cikin waƙar. A wurina wannan rawar muryar ita ce ta sa waƙar ta fi zama shaida ta gaskiya, domin haka yawancin kakanninmu suka ji a lokacin: ƙi, da tsoro, da mamaki, da neman yadda za a rayu gobe, duk a zuciya ɗaya. Wanda ke da wani ra'ayi, ga fili nan a ƙasa, ina so in ji.

Wadda ta fi kama ni ita ce Waƙar Talauci da Wadata. Mun saba jin cewa waƙoƙin ƙarni na 19 na wa'azi ne da madahu da fiƙihu da tarihin jihadi, sai a shekarun 1940 da 1950 su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja suka shigo da al'amuran rayuwar yau da kullum. A dunƙule maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma Umaru ya karya ta. A wannan waƙar ya ajiye matalauci da mawadaci gefe da gefe, yana nuna yadda jama'a ke karɓar kowannensu: a wurin taro, a wurin neman aure, a cikin dangi, a abin da kowa ke ci da abin da yake sawa. Matalauci ko ya faɗi daidai ba mai saurare, mai dukiya ko ya yi kuskure a gyara masa zama. Ba lahira yake kwatantawa ba, kasuwa yake kwatantawa, da tsakar gida, da bakin masallaci. Akwai zambo a ciki, akwai ban dariya mai ɗaci. Ba cewa nake su Zungur daga gare shi suka ɗauka ba, kowa da hanyar da ya biyo. Abin da nake cewa shi ne rubutacciyar waƙar Hausa ta iya kallon al'umma ido da ido tun kafin a haife su, kuma a zangon fatake ta fara yin haka da ƙarfi, inda kuɗi ne ke ɗaga mutum ko ya kayar da shi, ba asali ba.

Ya tafi aikin Hajji a 1913, bai dawo ba sai wajen 1918. Kafin ya dawo mulki ya canja hannu, Ingilishi da Faransawa sun ƙwace Togo daga Jamus tun 1914, Karaci ta faɗa rabon Ingila. Yana dawowa kuma annobar murar nan da ta kashe miliyoyin mutane a duniya a 1918 da 1919 ta iso. Ya yi mata waƙa da Larabci, amma da sunan Hausa ya kira cutar, Tunkuyau, yana bin yadda take kama mutum tun daga kai har gaɓoɓi. Lokacin korona a 2020 zaurukanmu sun cika da waƙoƙin annoba, wasunmu har muna jin mun buɗe sabon babi. Ashe an riga mu da shekara ɗari.

Wani aikin nasa da ya kamata masu fassara a cikinmu su sani: ya juya waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, shahararren mawaƙin Jahiliyya, zuwa Hausa. Duk wanda ya zauna gaban malami aka yi masa fassarar waɗannan ƙasidu kalma-kalma ya san wuyarsu. Baturen nan R. S. Rattray, wanda ya san shi da kansa kuma yana girmama iliminsa, ya buga wani ɓangare na fassarar a 1934.

Sai zube. Abin da ya rubuta wa Mischlich da ajami ba ɗan kaɗan ba ne: tarihin ƙasashen Hausa da maƙwabtansu, labarin jihadi da sarakunan da suka biyo baya, sannan bayanin rayuwa dalla-dalla, noma da kiwo, rini da saƙa da ƙira, fatauci, aure da haihuwa, bauta da yadda take gudana. Mischlich ya buga ƙamus ɗinsa na Hausa da Jamusanci a 1906, ya kuma yi ta fitar da waɗannan rubuce-rubuce a mujallun Berlin da sunansa a sama. A 1973 wani Ba'amurke, Douglas Ferguson, ya tattara su ya fassara zuwa Ingilishi, ya sami digirin dakta da su a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. Masu tarihin tattalin arzikin ƙasar Kano har yau suna jingina da wannan aikin. Wato in kana son sanin yadda marinar Kano take kafin zuwan Lugga, ɗaya daga cikin shaidunka mafi ƙarfi Bakano ne da ya rubuta daga ƙwaƙwalwarsa yana zaune a bakin Volta.

Don adalci, ba shi ne farkon wanda zubensa na Hausa ya shiga takarda ba. Labarin Dorugu, yaron da ya bi Barth zuwa Turai, ya fito a littafin Schön mai suna Magana Hausa tun 1885. Amma Dorugu faɗa ya yi aka rubuta. Umaru da hannunsa ya rubuta, da haruffan da ya gada, da tsarin da ya zaɓa. Kuma ban ce a sauke su Abubakar Imam da Malam Muhammadu Gwarzo daga matsayinsu ba, ƙagaggen labari a boko nasu ne. Kawai dai 1934 ba ita ce ranar haihuwar zube ba.

Babban tasirinsa yana can inda ya zauna. Makarantarsa ta Karaci ta jawo ɗalibai daga nesa, suka koma zangunan Kumasi da Akara da Tamale da Yandi da sauran garuruwa suna limanci da koyarwa, suna kwafar waƙoƙinsa da hannu suna rabawa. Ta haka aka sami wani reshe na adabi a yankin Volta, mai rubutu da Larabci da Hausa, mai son waƙar tarihi da ta abin da ke faruwa a gari: rasuwar malami, ginin masallaci, rigimar sarauta, zuwan mai da'awar Mahadi. A farkon shekarun 1960, da Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta shiga tattara rubuce-rubucen hannu, da ƙoƙarin su Ivor Wilks da Thomas Hodgkin, sai aka riƙa cin karo da ayyukan Umaru a ɗakunan malamai a sassa daban-daban na ƙasar, kwafi bayan kwafi. Ba injin ɗab'i, ba kamfani, ba gasa. Ɗalibi ne ke ba ɗalibi.

Me ya sa mu a nan ba mu san shi ba? A ganina iyaka ce ta fara cin sa. Da aka yanka ƙasa, ya faɗa wancan gefen. Manhajar Hausa ta makarantunmu an gina ta ne kan abin da aka buga a boko a Zariya, daga Hukumar Fassara zuwa Gaskiya zuwa NNPC, shi kuwa aikinsa yana ajami, a hannun almajirai da akwatunan Turai. A Gana kuma, duk da ana jin Hausa a kowane zango har a gidan rediyon gwamnati, ba ta cikin harsunan da hukuma ta ɗauka ana koyarwa a makarantu, domin ana mata kallon harshen baƙi. Sai ya zama a can Bahaushe ne, a nan mutumin Gana ne. Malamanmu na jami'a sun san shi, yana cikin rubuce-rubucensu, amma sunan bai sauko zuwa ajin sakandare da zaurukan marubuta ba.

Wani abin da ke ci mini rai shi ne harsunan da aka yi masa hidima da su. Wanda ya fi kowa ba shi rayuwarsa shi ne Farfesa Stanislaw Pilaszewicz na Jami'ar Warsaw a ƙasar Folan. Shi ya fitar da Waƙar Talauci da Wadata a 1974 da Waƙar Nasara a 1975 tare da fassarar Ingilishi, ya rubuta littafi sukutum a kansa da harshen Folan a 1981, sannan a 2000 ya buga zubensa na ajami daga tarin Mischlich a Berlin. Jamusanci, Folanci, Ingilishi. Ɗalibi a Warsaw ya fi ɗalibi a Getso ko Garo damar karanta Bakanon nan. Ba laifin Bafolen ba ne, shi ya yi nasa, Allah ya saka masa. Mu da muke fitar da littafi a waya duk mako, babu abin da ya hana biyu ko uku daga cikin masu iya ajami a wannan zaure su nemi waƙa ɗaya tasa, su juya ta zuwa boko da sharhin kalmomi, a karanta ta a zama na gaba. Ni na ɗauki Talauci da Wadata, in Allah ya yarda. Mai son ya kama mini ya yi magana a ƙasa.

Alhaji Umaru ya rasu a Kete-Karaci a 1934, yana da shekara kamar 76. Bayan shekara talatin aka datse kogin Volta a Akosombo, aikin da aka kammala a 1965, tafkin da ya taru ya zama ɗaya daga cikin mafi girma da ɗan Adam ya yi a duniya. An tashi mutanen Karaci aka mayar da su sabon matsuguni a kan tudu, tsohon garin da ya yi limanci da koyarwa a cikinsa kuma ruwa ya rufe shi.

Allah ya jiƙansa da rahama, ya jiƙan Malam Muhammadu Gwarzo da sauran magabatanmu.